Saitin inji da haɗin baki: jagorar tseren ƙananan jiragen sama masu waya

Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa yana yaro ya san yadda dutse ke jan hannu idan ya ɗau gudu. To ka ɗauka dutsen nan jirgi ne ɗan ƙarami da bai kai rabin kilo ba, da injinsa da farfelarsa, yana zagaya ka da gudun kilomita 200 a awa, an ɗaure shi da siraran wayoyin ƙarfe biyu da ke hannunka. Kuma ba kai kaɗai ba ne a tsakiyar filin, ku uku ne kafaɗa da kafaɗa, kowa da nasa jirgin, kowa na neman ya wuce ɗan'uwansa. Can a bakin da'ira kuma mutum uku ne durƙushe da hulunan kwano, suna jiran jiragen su sauko shan mai. Wannan shi ne tseren ƙungiya na jirage masu waya, kuma ni aikina a ciki shi ne na mai durƙuson nan, wato makanike. A wata ƙungiyar masu wannan wasa a Ingila na koya.

Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker, mutumin Portland a jihar Oregon, shi ya yaɗa tuƙa jirgi da waya biyu da samfurinsa Fireball a 1940. Tseren ƙungiya ya tsiro ne a Kaliforniya a ƙarshen shekarun 1940, aka yi gasar duniya ta farko ta jirage masu waya a ƙasar Hungari a 1960. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, mai ofishi a Lozan ta Suwizalan ita ke riƙe da dokokin, ta raba wasan aji-aji: F2A gudu zalla, F2B alkafura, F2D artabu, namu kuma F2C.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Tsawon waya daga mariƙin matuƙi zuwa tsakiyar jirgi mita 15.92 ne, don haka zagaye ɗaya mita 100 ne, zagaye goma kilomita ɗaya. Tseren share fage zagaye 100 ne, na ƙarshe 200. Girman inji ba ya wuce sisi (cc, wato mililita) 2.5, tanki kuwa har da bututunsa ba ya wuce sisi 7, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya da rabi ba. Wannan ɗan man shi ya mai da wasan na mutum biyu, domin dole jirgi ya sauka a sake cika shi. Idan tankinka na kai ka zagaye 34, sau biyu za ka tsaya a tseren 100, sau biyar a na 200. Idan a 31 yake ƙarewa, ka jawo wa kanka tsayawa ta uku, kuma da wuya ka rama ta.

Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya fara da F2C. Ya fara da azuzuwan tsere masu sauƙi, Goodyear ko F2F, masu jiki falle ɗaya da inji a fili, ko ƙaramin Goodyear da ake yi a Ingila da injin kamfanin PAW mai sisi 1.5. Hannun ɗaya ne, kunnen ɗaya ne, sai dai kuskure ba ya cin kuɗi da yawa.

Fara da mai, kafin ka taɓa komai

Injin tseren nan dizal ne, ba shi da filogi. Matsi ne ke tayar da wuta a cikinsa, kamar injin niƙa, sai dai man nasa haɗi ne: kananzir wajen rabi ko sama da haka kaɗan, sinadarin eta (ether) wajen kashi ɗaya cikin uku, sai man shafe inji, na zurma ko na kamfani, da ɗan ɗigon sinadarin da ke saurin kunna wuta, wanda bai cika wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Injunan F2C na zamani suna aiki da man shafe kaɗan, amma mai fistin ƙarfe irin PAW yana son wajen kashi 20 ko fiye. Bi abin da maƙerin injinka ya faɗa, kada ka rage don neman gudu.

Eta ita ce matsalar. Tana tafasa a zafin da bai kai digiri 35 ba, ke nan wanda zai gwada wannan a Kano ko Maraɗi cikin Afrilu, man nasa na tsiyaye masa ta sama tun yana cikin kwalba. Ka zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi gam, ka ajiye a inuwa, ka ɗebi na tsere ɗaya kawai a lokaci guda. Man da etarsa ta gudu ba ya tashi da wuri, sai ka yi ta ƙara matsi kana zargin inji alhali ba laifinsa ba ne. Kuma wuta take kamawa nan take, ba a shan taba kusa da ita. Abu na ƙarshe kan mai: haɗin da ka yi atisaye da shi, da shi za ka shiga tsere. Sabon haɗi, sabon saiti.

Daga nan ka auna tankinka da sirinji, har da bututun, ka tabbata bai haura 7 ba amma ya kusa. Alƙalai na aunawa, kuma ɗigo biyu da suka yi yawa sun isa a soke maka nasara.

Sukuru da allura

Abu biyu ne ke hannunka. A saman silinda akwai sukurun matsi, yana danna wani ɗan fistin na biyu da ke zaune a rufin silindar. Ka ɗaure shi, ɗakin wuta ya tsuke, wuta ta tashi da wuri. Ka kwance, ta yi jinkiri. Sai allurar mai: ka ɗaure mai ya ragu, ka kwance ya ƙaru. Wahalar ita ce su biyun suna shiga aikin juna. Rage mai na ƙara zafi, zafi na sa wuta ta tashi da wuri, wato kamar ka ƙara matsi ne ba ka taɓa sukuru ba. Shi ya sa doka ta farko a wurina ba ta canzawa: abu ɗaya ake taɓawa a tashi ɗaya. Kuma taɓawar kaɗan ce. Ka ɗauki kan sukurun kamar fuskar agogo, ka motsa shi tafiyar minti biyu ko uku, ba kwata ba.

Idan injin sabo ne, ka fasa shi tukuna a kan benci: gajerun gudu na minti ɗaya ko biyu, mai a wadace, matsi a sassauce, kana barinsa ya huce tsakani. Gaggawa a nan ita ke cinye dacewar fistin da silinda, kuma wannan dacewar ce ke sa inji ya tashi da bugun farfela ɗaya yana da zafi.

A ƙasa, tayar da shi da matsi sassauƙa da mai mai yawa, ka bar shi ya ɗumama. Za ka ji yana tari yana katsewa, bar-bar-bar. Ƙara matsi a hankali har tarin ya kusa ɗaukewa, sannan ka rage mai har muryar ta miƙe. Tsaya nan. Kada ka nemi cikakkiyar murya a ƙasa, domin a ƙasa farfela na ɗauke da kaya mai nauyi, a sama kuwa sai ta saki jiki ta ƙara juyi, iska kuma ta shiga tana sanyaya silinda. Saitin ƙasa ƙofar shiga ce kawai.

Yanzu ku tashi. Kai makanike ka riƙe agogon daƙiƙa, ka auna zagaye goma sau uku: a farkon tanki, a tsakiya, da dab da ƙarewa. Ka kuma ƙirga zagayen da tankin ya yi gaba ɗaya. Daƙiƙa 18 a zagaye goma shi ne kilomita 200 a awa. Amma lambar ba ta kai kunne muhimmanci ba, kuma a nan nake son ka daɗe.

Idan jirgi na tari daga farko har ƙarshe, yana ja yana saki, matsi ya yi kaɗan ko injin ya yi sanyi da yawa. Idan muryar ta yi kauri, hayaƙi na bin bayansa, gudu babu, zagaye kuma ya gaza, mai ya yi yawa. Idan ya tashi da murya tas tun zagayen farko, yana gudu kamar zai tsinke waya, to kada ka yi murna, ka saurara. Wajen zagaye na ashirin za ka ji muryar ta fara dusashewa tana nauyi, kamar mota mai kaya a kan tudu, agogo kuma ya nuna daƙiƙa na ƙaruwa. Wannan inji ne da ke dahuwa. Ka ɗaga wa matuƙi hannu ya kashe nan take, kada ka bari ya ƙarasa tankin. Akwai kuma wani tarin na daban, siriri mai ƙara tsit-tsit, wanda ke zuwa idan mai ya yi ƙaranci. Sabon shiga kan rikita shi da tarin ƙarancin matsi, sai ya ƙara matsi a kan inji mai ƙishirwa, ya haɗa masa zafi biyu.

Da jirgi ya sauka, shafa yatsa a gefen jikinsa inda hayaƙi ke fesawa. Mai garau ko ruwan zuma alama ce ta lafiya. Baƙi ƙirin na nufin matsi ko zafi ya wuce kima. Mai ruwan toka mai ƙyalli kuwa ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ajiye tashi ka buɗe inji.

Saitin da nake nema shi ne wanda zai ɗan yi tari a zagaye biyu ko uku na farko, sannan ya washe, ya riƙe murya ɗaya har tanki ya ƙare. Tarin farkon nan shi ne rarar da ka bar wa zafin da ke tafe.

Sai ka koma kan zagaye. Idan gudu ya yi amma tanki na ƙarewa a 32, ɗan rage mai kaɗan, ka sassauta matsi a tashin da ke biye idan ka ji zafi ya hau. Idan allura ta kai maƙura amma zagaye bai cika ba, matsalar ta koma kan farfela ko maƙogwaron iska. Farfelolin tsere na zaren kabon ne, faɗinsu wajen santimita 15 zuwa 16, kuma ana karce su da hannu. Mai nauyin ja tana rage juyi ta ƙara zagaye, amma tana ƙara zafi. Mara nauyi tana sakin inji ya huce, amma tana shan mai. Ka sa wa kowace lamba, ka daidaita nauyin fikafikanta biyu, ka samu aƙalla biyu iri ɗaya sak, domin ranar da ɗaya ta guntule a sauka ba za ka samu lokacin sabon saiti ba. Yanayi ma yana da ta cewa: da rana ta take iska na yin zafi da sakayau, sai a sassauta matsi a ɗan rage mai, da sanyin safiya kuma akasin haka. Saitin ƙarfe tara ba na azahar ba ne.

Abin da kaɗaici ba ya koyarwa

Na taɓa shiga tsere da saitin da na fi alfahari da shi. Ranar jajibiri mun yi ta tashi mu kaɗai, agogo na ba mu lokacin da ba mu taɓa samu ba, na ƙi taɓa komai. Da aka tashi tsere, tanki na farko muna gaba. A na biyu abokina matuƙi ya maƙale bayan wani jirgi mara gudu har zagaye huɗu, bai samu hanyar wucewa ba. Ina durƙushe na ji muryar injinmu ta faɗi. Ya sauko da zafin da yatsa ba ya iya tsayawa a kai, na buga farfela har na daina ƙirgawa, bai tashi ba sai da sauran biyun suka ba mu zagaye kusan goma. Abokina bai ce min komai ba sai da muka naɗe waya, sannan ya ce, “Jiya ka saita wa fili ne babu kowa.”

Dalilin a fili yake. Idan matuƙi shi kaɗai ne, yana tafiya yadda yake so, jirgi na shan iska mai tsabta. A cikin mutum uku kuwa sai an tare shi, sai ya ɗaga jirgi sama don wucewa, sai ya bi iskar da wani ya dagula, kuma kowanne ƙarin kaya ne a wuyan inji. Tanki na biyu da na uku ma sun fi na farko zafi, tun da injin bai huce ba aka sake tayar da shi. Don haka bayan ka samu saitin da ya fi gudu kai kaɗai, sassauta matsi kaɗan daga nan, shi ne saitin tsere. Yi lissafin da kanka: ribar kashi biyu cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye goma, daƙiƙa biyu ce kacal a tseren 100. Inji ɗaya da ya ƙi tashi sau ɗaya ya cinye ninkinta. Kuma kada ka yarda da saitin da ba ka gwada shi a cikakken zagaye 100 da tsayawa biyu ba, in da hali tare da wata ƙungiyar a cikin da'ira.

Kafin a tashi tsere ana ba makanikai daƙiƙa 90 na ɗumama inji, sannan daƙiƙa 30 na shirin ƙarshe da inji a kashe. Yi amfani da 90 ɗin nan ka kai injin zafin da zai kasance a tsakiyar tsere. Wasunmu kan toshe ƙofar iskar sanyaya da yatsa na ɗan lokaci don ya hau da sauri. Ka maimaita wannan a atisaye da agogo har ya zama iri ɗaya kullum, domin saitinka na inji mai zafi ne, in ka sake shi da sanyi zai yi ta tari zagaye goma.

Tsayawar shan mai

Nan ne ake gane ƙungiya. Jirgi na zagayawa ne akasin tafiyar agogo, da'irar tashi mai nisan mita 19.6 daga tsakiya an raba ta gida shida, kowane makanike ya zaɓi nasa. In zaɓi ya zo gare ka, duba iska. Kana son wurin da iska za ta tura jirgi waje yayin tashi, wayoyi su miƙe, ba inda za ta turo shi ciki su saki ba.

Matuƙi ne ke kashe inji: yana karya mariƙi ƙasa da sauri sau ɗaya, wani ɗan makatsi ya datse mai. Abin da za ku fara daidaitawa shi ne a ina zai kashe. Ku nemi alama a wajen fili, bishiya ko tanti, ku ce daga nan. In ya kashe da wuri jirgi zai mutu kafin ya iso, ka ruga ɗauko shi. In ya makara zai zo maka da gudun da zai fizge daga hannu ko ya karya fiffike. Ku fara da nisa, zagaye guda cur, ku riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Matuƙi ya sa tayar ƙasa tun kafin ya iso gare ka, jirgin ya zo yana gangarawa a kan layi ɗaya kullum, fiffikensa na waje na nufo tafinka.

Yawancin makanikai na cafkewa da dama. Kada ka tare shi kamar bango, bar hannunka ya ɗan bi shi baya ya shanye ƙarfin. Hagu ta kama hanci, bakin famfon mai da ke ɗaure a damtsenka ya danna a kan bawul, mai ya shiga da matsin iska har ka ga ya fesa ta bututun rara. Dama ta riga ta koma kan farfela. Bugu ɗaya mai kaifi, ka ratsa matsin gaba ɗaya. Kafin ka saki, ɗaga ido: in wani jirgi na sauka ta kanka, jira ya wuce. Ƙafarka kuma kada ta shiga cikin da'ira, hannu kawai ake miƙawa.

Idan bai tashi a bugu uku ba, kada ka ci gaba da dukan makaho. Farfela ta yi nauyi tana neman komowa ta buge yatsa, mai ya yi yawa, juya ta baya ka fitar. Ta yi sakayau ba ko tari, ƙishirwa ce, sake danna famfo. Yawan ɗigon da bawul ke turawa bakin silinda yayin cikawa shi ma saiti ne, kuma da inji mai zafi ake gwada shi, ba mai sanyi ba.

Duk wannan lokacin matuƙi na tsugune a bakin da'irar tsakiya mai mita 3, hannunsa da wayoyinsa a ƙasa don sauran biyun su wuce ta kansa. Idonsa na kan hannun makanikensa, ba kan abokan hamayya ba. Da an saki sai ya ɗan ja baya ya miƙar da waya, ya koma cikin tafiyar sauran ba tare da ya bangaje kowa ba.

A sama dokokin matuƙi kaɗan ne amma alƙalai ba sa ɗaga ƙafa. Jirgi na tafiya tsakanin mita biyu da uku daga ƙasa, ta sama ake wucewa, mariƙi na kusa da tsakiyar ƙirji. Jan jirgi da ƙarfin hannu don ƙara masa gudu laifi ne, tare wa mai wucewa hanya laifi ne, gargaɗi uku a tseren share fage kuma sun fitar da ku. Matuƙin kirki yakan hango jirgin da zai wuce tun da rabin zagaye, ya gyara tsayuwarsa a bayan mai shi, ya wuce a tashi ɗaya. Duk zagayen da ya ɓata a bayan wani, injin ne ke biya.

Magana ba ta jiwuwa cikin ƙarar injuna uku, don haka ku tsayar da alamu tun a gida, kuma kaɗan: hannu sama na nufin kashe a wannan zagayen, nuni gaba ko baya na nufin na sauya wurin tsayawa. Makanike ne ke ƙirga zagaye da sauraron inji, shi ke cewa a sauko. Matuƙi ne ke ganin cunkoso, yana da ikon ƙara zagaye ɗaya in ya ga wurin saukar a cike. Ku yarda da wannan rabon kafin ranar tsere. Kuma matuƙi na jin abin da kunne ba ya ji, domin jan wayar a hannunsa na raguwa tun kafin murya ta sauya. Bayan kowane tashi ni nakan tambaye shi abin da ya ji kafin in faɗi nawa, don kada maganata ta rinjayi tasa.

Kan lafiya ba ni da sassauci. Wayoyin nan ƙarfe ne, kada a tashi kusa da wayar lantarki ko kaɗan, kada a tashi in hadari ya haɗo. A ja wayoyi da ma'auni a gwada ƙarfinsu kafin kowane tsere, a bi su da yatsa a nemi lanƙwasa, wadda ta lanƙwashe a jefar. Hular kwano da igiyarta a ɗaure, ko a atisaye. 'Yan kallo, musamman yara, su tsaya nesa bayan raga.

Da an gama, kafin a shiga hira, buɗe littafinka ka rubuta: kwanan wata da lokaci, zafin rana, haɗin mai, lambar farfela, inda sukuru da allura suka tsaya, lokutan zagaye goma ɗin nan uku, zagaye nawa tanki ya yi, bugu nawa kowace tsayawa ta ci, da launin man da ke jikin jirgi. Sannan ka tsiyaye tanki, ka ɗiga mai mara nauyi a cikin inji ka juya shi, domin man zurma kan daskare ya riƙe ƙwallayen boris in ya kwana biyu. Ka goge wayoyi da tsumma mai tsabta daga mariƙi har fiffike, ka warware murɗewar da suka yi, sannan ka naɗe su a kan faifansu.